Kujerar Gaba a Motar Usta Gabir

Tun da aka tashi daga darasin ƙarshe Hilmi bai ce wa Sabrin uffan ba. Ya wuce ta a bakin matattakala kamar bai taɓa saninta ba. Sabrin ta bi bayansa har gindin bishiyar da ke bayan ɗakin karatu, inda suka saba raba gurasa da dafaffen wake tsakanin darasi da darasi.

Kwalejin tasu ta birnin Zagazig a ƙasar Masar ba ta 'ya'yan manya ba ce. Karatun shekara biyu ne, kuɗinta kaɗan, ba ta da ɗakin kwana ko na mutum ɗaya. Duk wanda ka gani a cikinta daga ƙauye ya taso da sassafe, kuma ƙauye zai koma kafin magariba. Soyayya a irin wannan wuri a tsaitsaye ake yin ta, ido ɗaya a kan masoyi, ɗaya a kan agogo.

"Me na yi maka?" ta tambaye shi.

Ya ɗago kai. Idanunsa sun yi ja.

"Na zo in yi miki murna ne, amma bakina ya ƙi. An ce ran Alhamis Usta Gabir direba zai je gidanku da manyansa a karanta Fatihar baikonku."

Sabrin ta zaro ido.

"Wa ya gaya maka?"

"Wa bai gaya min ba? Mai shayin bakin gada ya faɗa, mai wanke mota ya faɗa. Har mahaifiyata ta ji a kasuwa, ta dawo tana ba ni haƙuri."

Ta rantse masa da Allah ba ta da labari. Ta sake rantsewa. Hawaye suka zubo mata har bakin ɗankwali. Hilmi ya yi wani murmushi wanda gara a mare ka da a yi maka shi.

"Sabrin, shekara guda nake hawa motar nan a bakin gada. Shekara guda ina takure a kujerar ƙarshe, gwiwata a haɓata, ina kallon bayan ɗankwalinki a gaba. Kin taɓa tambayar kanki yadda nake ji?"

Ba ta taɓa tambaya ba.

A garinmu na Mit Rumman hanya ɗaya ce ke fita zuwa birni, motocin da ke bin ta kuma na Usta Gabir ne da 'yan'uwansa. Bara wani ɗan iska ya matsi Sabrin a kujerar baya, ta koma gida tana kuka, mahaifinta Hajji Abdul Ati ya ce karatun ya ƙare daga ranar. Usta Gabir ne ya zo har gida ya ce a bar masa maganar. Daga nan ta koma zama a gaba, jikin taga. Kujerar da ke tsakaninta da direba kuwa ba ya bari kowa ya hau, ko da fasinja sun yi cirko-cirko a tasha. In ta miƙa kuɗin mota sai ya yi kamar bai gani ba.

To, kowa a garinmu ya san direba ba ya tafiya da kujera babu kowa sai don iyalinsa. Ni dai ba zan ce Sabrin ba ta sani ba. Ta ga yadda tsofaffi ke murmushi in ta buɗe ƙofar gaba, ta ji yadda yaran tasha suka daina yi mata tsiya. Amma tana son karatunta, sai ta kau da kai, tana cewa a ranta ai saura kaɗan a gama.

"Ka san dalilin da ya sa na zauna," Sabrin ta ce wa Hilmi. "Ba don kujerar nan ba da yanzu ina gida ina tatsar saniya. Da ban ma san ka ba."

"Na sani. Shi ya sa na yi shiru har yau."

"Ka ce in sakamako ya fito za ka turo kawunka."

"Na faɗa, kuma ban canja ba. Amma in zo in ce me? In ce ni ne mai gyaran injin ban ruwa da yamma, na zo neman yarinyar da duk gari ya san ta wani ce?" Ya share ido da bayan hannu. "Wallahi ina son ki, son da ke hana ni cin abinci. Amma ba zan ci gaba da zama a baya ina kallo ba."

Ya ɗauki littattafansa. Ta riƙe gefen jakarsa, ya zare a hankali.

"Gobe za a fara jarrabawa. In motar ta iso gada, gaba zan fara dubawa. In na gan ki a nan, ba sai kin ce komai ba. Zan yi miki addu'a, in fita hanyarki."

Ya tafi bai waiwayo ba.

A hanyar komawa gida Usta Gabir na cikin nishaɗi. Ya kunna waƙa, yana buga sitiyari da yatsu, ya ajiye ledar mangwaro a kujerar tsakiya ya ce ta kai wa Hajiya mahaifiyarta. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai faɗin ƙirji da sakin hannu. In naƙuda ta kama mace a garin shi ake bugawa ƙofa, kuma bai taɓa karɓar ko sisi ba. Aibinsa ɗaya, in ya yi maka alheri sai ya ga kai ma ka zama nasa.

Da suka zo gada Hilmi ya sauka. Usta Gabir ya bi shi da kallo ta madubi, sannan ya juyo gare ta.

"Yaron nan ya cika kallon gaba. Ko dai yana son koyon tuƙi ne?"

Ya yi dariya shi kaɗai. Sabrin ta juya fuskarta ga taga, tana kallon gonakin masara suna wucewa ba tare da ta ga komai ba.

Tana shiga gida ta ga kwalabe jere a kan tebur, jajayen kwalaben sharbat na fure, abin shan da ba a kawo wa baƙi sai an amsa musu neman aure. Mahaifiyarta na zaune tana goge tambulan ɗin da ba a fito da su sai da babban dalili.

"Mama, na mene ne wannan?"

"Ji ta, kamar ba ta sani ba. Zo ki kama min."

Sabrin ta durƙusa a gabanta ta fashe da kuka. Ta ce ba wanda ya tambaye ta. Ta ce ba ta son shi, ba ta taɓa son shi ba, akwai wanda take so, ɗan ajinsu ne, mai hankali, mai salla. Uwar ta yi saurin rufe mata baki da tafin hannu tana duban ƙofa.

"Rufa mana asiri. Ɗan aji? Mun tura ki karatu ne ko zaɓen miji?"

"Mama, ki taimake ni."

"In taimake ki da me, 'yar nan? Mutumin da ya tsaya miki lokacin da ubanki ya ce ki zauna a gida? Mutumin da ya kai ƙaninki asibiti yana suma? Da wane ido zan dubi mahaifiyarsa a wajen gashin gurasa?" Ta ajiye tambulan ɗin. "Ni ban ce dole ba. Amma kin zauna, Sabrin. Kin zauna kowa yana gani."

Suna cikin haka Hajji Abdul Ati ya dawo daga gona. Ya ɗaure jakinsa, ya jingina sandarsa a bango, ya wanke ƙafa a bakin famfo. Bai tambayi dalilin kukan ba, don ya ji rabin maganar tun daga soro. Mutum ne mai ƙarancin magana, wanda 'ya'yansa ke tsoron shirunsa fiye da faɗansa.

Sai da ya sha shayi ya kira ta.

Ta gaya masa komai, tana magana tana shessheƙa, ban da sunan Hilmi. Ya saurare ta har ƙarshe yana juya kofin a hannunsa.

"Ban taɓa yi wa 'yata dole ba, kuma ba zan fara da ke ba," ya ce. "Da Gabir ya zo min, ban ce masa na ba shi ba. Cewa na yi ya zo a ji. Amma ni ma na ɗauka kin amsa, kamar yadda kowa ya ɗauka."

"Baba, ka ce masa a'a."

"In ce masa a'a da wane baki? In ce 'yata ta hau motarka shekara guda a matsayin iyali, yanzu karatu ya zo ƙarshe ta gama da kai? Me za a kira ni? Me za a kira ki?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

"Abin da kika yi a idon jama'a, ba a ɗakina za a warware shi ba," ya ce, ya tashi ya tafi masallaci.

Da safe ta yi salla, ta ɗauki biro da katin jarrabawarta, ta fita ba ta karya ba.

Tasha ta cika da ɗalibai. Kowa riƙe da takarda yana bita ta ƙarshe, wasu na motsa baki kamar masu tasbihi. Dokar kwalejin ba ta da sassauci: in an rufe ƙofar jarrabawa an rufe, wanda ya makara sai baɗi. Su kuwa 'ya'yan manoma, shekara guda a wajensu ba abin wasa ba ce.

Abin da ya fara tsinka mata zuciya shi ne ganin mahaifinta zaune a bencin mai shayi. Hajji Abdul Ati ba ya zaman tasha, a wannan lokaci yana tsakiyar gona. Ga shi nan da sandarsa tsakanin gwiwoyi, jakinsa ɗaure a gefe, bai ko dube ta ba.

Usta Gabir na tsaye ya riƙe ƙofar gaba a buɗe. Ya sha aski, ya sa sabuwar riga, har da ɗan turare.

"Barka da safiya, ɗalibarmu. Bismillah."

Sabrin ta tsaya. Ta dubi kujerar, ta dubi tagar da ta jingina da ita shekara guda. Sannan ta wuce shi, ta sunkuya ta shiga ta ƙofar fasinja, ta matsa kusa da ƙawarta Wala a layi na uku. Ta zaro kuɗin mota ta miƙa wa na gabanta, kamar yadda kowa ke yi, a miƙa hannu da hannu har ya isa ga direba.

Na gaban ya ƙi karɓa.

Usta Gabir ya rufe ƙofar gaba a hankali. Ya zagaya ya shiga mazauninsa. Injin na aiki, sai ya murɗa makulli ya kashe shi, ya zare, ya sa a aljihun rigarsa.

"Motar nan ba ta tashi sai kowa ya zauna a wurinsa," ya ce, yana kallon gaba.

Can wani ɗalibi ya yi dariyar yaƙe ya ce Usta ya daina wasa, yau ba ranar wasa ba ce. Usta Gabir ya kunna taba. Wani ya leƙa ya kira ƙaninsa mai ɗaya motar, ƙanin ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ba ya tsallake layin yayansa.

Sai idanu suka juyo kanta.

"Haba 'yar'uwa, ki koma mana."

"Yau ɗaya dai. Ku sasanta da yamma."

"Mu ina ruwanmu da rigimar ango da amarya?"

Wani daga baya ya ce da can da ake hawa kyauta ai ba a san kujerar ba ta da daɗi ba. Maganar ta soke ta har ƙashi, don akwai gaskiya a cikinta.

Wala ta kama hannunta ta matse.

"Sabrin, don girman Allah. Kin san babana ya ce in na maimaita aji ba zai sake biya ba. Ki zauna yau kawai, ki rufe ido. Wa zai ce wani abu?"

"A gada akwai mai gani," Sabrin ta ce a hankali.

Wala ta gane. Ta sake ta, ta rufe fuska da takardarta tana kuka.

Sabrin ta dubi fuskokin da ke kewaye da ita. Ta san kowannensu, ta san iyayensu, ta san abin da aka sayar a gidan wasu don su zauna a wannan mota. Ta dubi madubi, ta haɗa ido da Usta Gabir. Ba fushi ta gani ba, tabbaci ta gani. Ya tabbata za ta taso, don ya san ba za ta iya ɗaukar alhakin mota guda ba.

Gaskiyarsa, ba za ta iya ba. Ta miƙe.

Wani ya ce alhamdulillah. Aka matsa mata ta fito. Usta Gabir ya miƙa hannu ya tura ƙofar gaba ta buɗe, murmushi ya fara dawowa fuskarsa.

Ta tsaya a ƙasa, ta sa hannu ta rufe ƙofar. Ta yi magana yadda har masu zaman benci za su ji.

"Usta Gabir, ka yi min alheri, Allah ya saka maka. Na zauna a wurin da ba nawa ba, na yi kuskure, ka yafe ni. Amma ni ba iyalinka ba ce, kuma ba zan zama ba. Ga shi na sauka. Yanzu kowa yana wurinsa. Ka kai su."

Fuskarsa ta canja. Ya ce mata ta yi tunani, in motar nan ta tashi babu wadda za ta kai ta, shekararta ta tafi. Ta ce ta sani. Ya ce ko bayan yau babu motar gidansu da za ta sake ɗaukar ta. Ta ce ta san wannan ma.

Ya zaro makullin daga aljihu. Tasha duka na kallonsa, kuma ba shi da sauran hujja. Ya tayar da injin da ƙarfi, motar ta fizga ta hau titi, kujeru biyu na gaba babu kowa.

Sabrin ta juya ta bar tashar. Ba ta dubi bencin mai shayi ba, don ba za ta iya ba. Gida ma ba za ta iya komawa ta tarar da kwalaben nan ba. Ta kama hanyar bakin magudanar ruwa tana tafiya tana kuka, kukan shekara guda ta tashin asuba da karatu a cikin mota, wadda ta zubar da hannunta.

Da ta hango gada ta ɗauka idonta ne ke yi mata gizo.

Hilmi na tsaye jikin ƙarfen gadar, littattafansa a hammata.

"Me kake yi a nan?" ta ce da ta iso. "Motar ba ta tsaya maka ba?"

"Ta tsaya."

"To me ya hana ka hawa?"

"Na duba gaba ban gan ki ba. Na duba baya ban gan ki ba. Wala ta leƙo ta ce kin sauka." Ya dube ta. "In hau in je in rubuta me?"

"Kai mahaukaci ne? Mahaifiyarka fa? Shekararka fa?"

"Taki fa?"

Tana so ta yi masa faɗa, tana so ta gode masa, sai kuka ya ci ƙarfinta. Shi ma hawaye ke zuba, yana ba ta haƙuri kan maganar jiya, yana cewa bai san abin zai kai haka ba, da ya sani da ya haɗiye kishinsa har a gama jarrabawa.

Ƙarar kofato ce ta katse shi.

Hajji Abdul Ati ne tafe a kan jakinsa. Ya sauko a bakin gadar, ya riƙe sandarsa, ya tako zuwa gare su ba sauri ba nawa. Hilmi ya gyara tsayuwa. Sabrin ta ji kamar ta nutse cikin ruwan da ke ƙarƙashinsu, amma ba ta matsa daga inda take ba.

Tsohon ya dubi saurayin tun daga takalmi har gashin kai.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba Hajji. Sunana Hilmi."

"Ban tambayi sunanka ba."

Ya juyo ga 'yarsa. Ya daɗe yana kallonta, ba ta iya karanta komai a fuskarsa ba. Sai ya ɗaga sandar sama.

Sabrin ta runtse ido ta jira saukarta.

Abin da ta ji ƙarar birki ce. Ta buɗe ido ta ga mahaifinta a tsakiyar titi, sanda a sama, wata a-kori-kura ɗauke da kwandunan tumatir ta tsaya a gabansa, direban na zagi ta taga. Hajji Abdul Ati, wanda bai taɓa roƙon kowa ko allura ba a garinmu, ya kama ƙofar motar da hannu biyu yana cewa ɗana, don Allah, Zagazig, yara za su rasa jarrabawa.

Direban ya dube su, ya yi tsaki, ya ce su yi sauri.

Tsohon ya jefa wa mai shayin gada igiyar jakin. Ya shiga gaba ya zauna a tsakiya, ya nuna wa Sabrin jikin taga. Sannan ya leƙo ya nuna wa Hilmi bayan motar da bakin sanda.

"Kai can, cikin tumatir."

Hilmi ya haye da sauri har yana zubar da littafi. Motar ta ɗauki hanya. Sabrin ba ta san ko za su tarar da ƙofa a buɗe ba, rana ta riga ta ɗaga. Ta saci kallon mahaifinta, ta buɗe baki za ta yi magana.

"Ki yi bitar karatunki," ya ce, idonsa a kan titi. "Duk gari ya gani, an warware. Ran Alhamis ba mai shan sharbat a gidana."

Ta kama hannunsa ta sumbata. Ya bar mata hannun na ɗan lokaci, sannan ya janye, ya ƙwanƙwasa gilashin baya da ƙarfi har Hilmi ya sunkuyo.

"Kai kuma kada ka yi saurin murmushi. Cewa na yi ban ba Gabir ba. Ban ce na ba ka ba."